Abin da Ya Kamata Mai Koyar da Karatun Farko Ya Sani

Babu uwar da ke zaunar da jaririnta ta koya masa magana darasi bayan darasi. Muddin kunnensa na ji, kuma ana magana a gabansa, kafin ya cika shekara 3 zai fara haɗa jumla, ya yi tambaya, har ya yi musu. Ganin haka ne ya sa mutane da yawa, ciki har da malamai, suke ɗauka cewa karatu ma da kansa zai zo: a kai yaro aji, a nuna masa allo, a sa shi ya bi baki, wata rana a wayi gari ya iya. Akwai yaran da ke iyawa ta haka, kuma su ake nunawa idan ana neman hujja. Sauran, waɗanda su ne suka fi yawa a ajujuwa da dama, sai a ce ba su da kai.

Kansu kuwa ƙalau yake. Magana da rubutu ne asalinsu ba ɗaya ba. Magana tana tare da ɗan Adam tun fil'azal, ba a taɓa samun al'ummar da ba ta da harshe ba. Rubutu kuwa ƙirƙirarren abu ne, bai fi shekara 5,000 da 'yan kai ba tun da aka fara shi a Mesofotamiya, wato ƙasar Iraƙi ta yau, kuma har cikin ƙarni na 20 yawancin mutanen duniya sun rayu sun mutu ba su iya shi ba. Ƙwaƙwalwa ba ta zuwa da sashen karatu. Binciken Stanislas Dehaene da Laurent Cohen a Faransa, tun daga shekarar 2000, ya nuna cewa idan mutum ya koyi karatu, wani ɗan yanki ne a gefen hagu na ƙwaƙwalwa, wanda asalin aikinsa gane siffofin abubuwa, ake horarwa ya koma gane haruffa, sannan a haɗa shi da sassan da ke kula da magana. Wannan haɗin ba ya ƙulluwa sai an ƙulla shi.

Idan ba a ƙulla shi ba, sakamakon yana da nauyi. A rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da wasu hukumomi a 2022, an ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaitan ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Kafin annobar korona adadin yana kan kashi 57. Abin da ya fi tayar mini da hankali a nan shi ne yawancin waɗannan yaran suna zuwa makaranta. An rubuta sunayensu a rajista, sun zauna a aji shekara uku ko huɗu, an yi musu jarrabawa an ba su sakamako.

Mafi amfanin bayanin da na sani a kan wannan al'amari shi ne wanda Philip Gough da William Tunmer suka kawo a 1986. Sun ce fahimtar abin da aka karanta tana fitowa ne daga abu biyu: iya fitar da kalma daga rubutu, da kuma fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi. Hikimar tana wajen yadda suka haɗa su. Ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi, wannan sau wancan. A lissafi kuwa, kowace lamba sau sifili sifili ce. Wanda ya koyi sautukan haruffan Italiyanci zai iya karanta jaridar Italiya da ƙarfi, lafazinsa ma ya yi kyau, amma bai san ko labarin aure ne ko na yaƙi ba. Yaron da ke gane kowace tatsuniya idan an ba shi da baki, amma bai iya haɗa baƙi da wasali ba, shi ma sifili ya samu. Yara biyu za su iya faɗuwa jarrabawar auna fahimta guda, da maki iri ɗaya, alhali ciwonsu daban ne, maganinsu daban ne. Malamin da bai iya bambanta su ba zai ba su magani ɗaya, ya yi ta mamakin me ya sa bai yi aiki ba.

Bari mu fara da ɓangaren farko, domin a nan aka fi yin kuskure, a nan kuma aka fi yin gardama.

Rubutun abajadi yana wakiltar ƙwayoyin sauti ne, wato ƙananan sautukan da kalma ta ƙunsa. Ga wanda ya iya karatu, ba wani abin mamaki ba ne a ce kalmar "rana" sauti huɗu ce. Amma kunnen yaron da bai taɓa karatu ba ba huɗu yake ji ba. Abu guda yake ji, wanda ke nufin wannan hasken da ke sama. In an matsa masa, zai iya raba ta gaɓa biyu, ra da na, domin baki ma a haka yake motsi. Raba "ra" kuwa zuwa r da a abu ne mai wuya, saboda a magana sautukan nan a cakuɗe suke fita: tun harshe bai gama r ba, baki ya riga ya buɗe don a. Isabelle Liberman da abokan aikinta sun gwada wannan a Amurka a 1974. Suka ba yara ɗan itace, suka ce su ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya ga kowane yanki na kalma. Cikin 'yan shekara 4, kusan rabi sun iya ƙirga gaɓoɓi, amma ko ɗaya bai iya ƙirga ƙwayoyin sauti ba. Sai a ƙarshen aji ɗaya na firamare, bayan sun fara koyon karatu, aka samu kashi 70 cikin 100 da suka iya.

Wani zai ce ai girma ne ya kawo hakan. José Morais da abokansa sun amsa wannan a 1979 da wani gwaji a karkarar Fotugal. Sun ɗauki manyan mutane, wasu ba su taɓa koyon karatu ba, wasu sun koya bayan sun girma, suka ce su cire sautin farko na kalma ko su ƙara mata wani. Waɗanda suka koyi karatu sun iya. Waɗanda ba su koya ba yawanci sun kasa, duk da cewa manya ne. Ke nan sanin cewa kalma tana rarrabuwa zuwa ƙwayoyin sauti ba ya zuwa da shekaru, koyarwa ce ke kawo shi.

A aikace abin ba shi da wuya. A tambayi yara wane sauti suka ji a farkon "dara", "fara", "tara". A ce su cire k daga "kare" su faɗi abin da ya rage. A furta musu m, a, n, a, a rarrabe, su haɗa su faɗi kalmar. Minti kaɗan a rana ya isa. Kwamitin da Majalisar Dokokin Amurka ta sa aka kafa don tace binciken da aka yi a kan karatu, wanda ya miƙa rahotonsa a 2000, ya gano cewa irin wannan horo ya fi amfani idan ana haɗa shi da haruffa yaro yana gani, kuma shirye-shiryen da ba su kai awa 20 gaba ɗayansu ba sun fi masu tsawo tasiri. Ina jaddada wannan saboda akwai masu wuce gona da iri, su shafe watanni suna wasan sauti da baki kawai ba a taɓa harafi ba.

Daga nan sai haɗa sauti da harafi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar waƙar abajadi a matsayin sanin haruffa. Yaro zai rera su daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, a nuna masa harafi ɗaya a tsakiya ya yi shiru. Ko ya san sunan harafin ma, suna daban, sauti daban. Wanda aka koya wa cewa b sunansa "ba", idan ya haɗu da "bu" sai ya ce "ba-u", kuma gaskiyarsa, abin da aka ba shi ya haɗa. Sautin yake buƙata, a gajarce, ba tare da an rataya masa wasali ba. Ba dole ne kuma a bi jerin abajadi ba. Abin da ya fi shi ne a fara da 'yan haruffan da suka fi yawo a harshen, waɗanda za a gina kalmomi da su nan take. A Ingila shirye-shirye da yawa suna farawa da s, a, t, p, i, n. A Hausa, wanda ya san a, i, n, k, m kaɗai zai iya karanta "ana", "mana", "kana", "kina", "Mama", har ma da jumla guda. Yaron da ya karanta kalma ta gaske da kansa a makonsa na biyu ya fahimci dalilin da ya sa ake wahalar da shi da waɗannan zane-zane, abin da wata shida na rera waƙa ba zai fahimtar da shi ba.

Akwai wani abu da ke tsorata iyaye ba gaira ba dalili: yaro ya riƙa musanya b da d, ko ya rubuta harafi a juye. Dehaene ya yi bayaninsa da kyau. Ido ya saba da cewa abu ba ya canza suna don ya juya. Kofi kofi ne, ko hannunsa na dama ko na hagu. Rubutu ne ya zo ya karya wannan ƙa'ida, ya ce juyawar ita ce bambancin. Dole ƙwaƙwalwa ta saki abin da ta saba da shi, kuma hakan na ɗaukar lokaci. A ɗan shekara 5 ko 6 wannan ba alamar cuta ba ce. Abin yi shi ne a nesanta haruffan masu kama da juna a jadawalin koyarwa, kada a kawo b da d da ɓ da ɗ a mako guda, sannan a sa yaro ya riƙa rubuta su da hannunsa yana furta sautin, domin motsin hannu wajen rubuta b daban yake da na d.

Tsawon lokacin da wannan mataki ke ci ya danganta da tsarin rubutun harshen. Philip Seymour da Mikko Aro da Jane Erskine sun kwatanta yara a harsunan Turai 13 a binciken da suka wallafa a 2003. A ƙarshen shekarar farko ta makaranta, yaran Finland da Girka da Italiya da Sifen da Jamus suna karanta sama da kashi 90 na kalmomin da aka ba su daidai. Yaran Sikotland masu karatu da Ingilishi sun tsaya a kashi 34. Dalili shi ne Ingilishi yana da sautuka wajen 44 da haruffa 26, kuma harafi ɗaya yakan ba da sauti uku ko huɗu, sauti ɗaya kuma a rubuta shi ta hanyoyi da dama. Wannan yana da muhimmanci, domin yawancin binciken da ake ambatowa a kan Ingilishi aka yi shi, wanda yana cikin mafiya wuyar rubutu a harsunan da ke amfani da abajadi. Harshen da harafinsa da sautinsa suke tafiya kafaɗa da kafaɗa bai kamata a shafe shekara uku ana fama da haɗa baƙinsa ba. Idan aka shafe, a koyarwar ya kamata a nemi laifin.

Amma ko rubutu mai sauƙi yana da nasa giɓin. Rubutun Hausa na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Haruffa huɗun nan, f, a, r, i, suna iya nufin launi, ko rashin ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye amfanin gona, ko farkon abu, kowanne da nasa lafazin. Jumlar ce ke gaya wa mai karatu wanne ake nufi. To a nan ma'anar jumla take da gurbi na gaskiya: bayan an karanta haruffan duka, ita ke zaɓar lafazi. Wannan bambanci, tsakanin amfani da ma'ana bayan an karanta da amfani da ita a maimakon karantawa, shi ne tushen gardamar da aka shafe shekaru sama da 50 ana yi a Amurka da Ingila da Ostireliya da New Zealand.

A 1967 Kenneth Goodman ya siffanta karatu da cewa wasan canke ne: gwanin mai karatu, a ganinsa, ba ya duban kowane harafi, yana ɗan leƙa rubutun ne ya canki sauran daga ma'ana da tsarin jumla. Daga wannan tunani, da kuma aikin Marie Clay a New Zealand, aka samu hanyar da ta mamaye makarantu da yawa. Idan yaro ya maƙale a kalma sai a ce ya dubi hoto, ya dubi harafin farko, ya tambayi kansa wace kalma ce za ta dace a nan. Tunanin yana da daɗin ji, kuma masu shi mutane ne da suka damu da yara ƙwarai. Sai dai na'urorin bin motsin ido sun nuna akasinsa. Keith Rayner da wasu sun gano cewa gwanin mai karatu yana sauke idonsa a kan yawancin kalmomi, kowace sauka kamar rubu'in daƙiƙa, kuma yana ɗaukar haruffan da ke ciki. Binciken Keith Stanovich ya ƙara da cewa masu rauni ne suka fi dogaro da canke, saboda ba su da wata dabarar. Ke nan abin da ake koya wa yara da sunan dabarar gwanaye, dabarar masu rauni ce. Yaron da ya ga hoton dabba mai ƙafa huɗu ya ce "jaki" alhali "doki" aka rubuta bai kusa daidai ba, domin bai karanta komai ba. Kuma ranar da hotuna suka ƙare a littafi, kalmomi suka yi tsawo, dabarar ta ƙare.

A wannan shekarar ta 1967 Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard ta tace binciken da ake da shi, ta ce koyar da alaƙar harafi da sauti tun farko ya fi ba da sakamako. Kwamitin Amurka na 2000 ya maimaita hakan. A Ingila rahoton Jim Rose na 2006 ya sa gwamnati ta rungumi koyar da sautukan haruffa bi da bi, kuma daga 2012 aka fara gwada kowane yaro a ƙarshen aji ɗaya da kalmomi 40, rabinsu ƙagaggu ne marasa ma'ana. Mutane sun yi ta sukar ƙagaggun kalmomin, amma dalilin saka su mai ƙarfi ne: kalmar da ba ta wanzu ba ba a haddace ta, ba a cankarta, sai dai a karanta ta. A 2012 kashi 58 na yaran ne suka kai ma'aunin, a 2019 kashi 82. Amma a yi adalci, wannan gwajin ɓangare ɗaya kawai yake aunawa cikin biyun Gough da Tunmer. Mutanen Goodman sun yi gaskiya da suka ce yaro yana buƙatar labarai masu daɗi da dalilin son littafi. Inda suka kuskure shi ne yadda ido ke gane kalma.

To in haka ne, yaya aka yi gwani ke gane kalma da kallo ɗaya, ba ya tsayawa haɗa baƙi? Amsar da Linnea Ehri da David Share suka bayar ita ce, haɗa baƙin ne da kansa ke haifar da wannan. Duk lokacin da yaro ya bi haruffan kalma ɗaya bayan ɗaya ya fitar da ita daidai, ƙwaƙwalwarsa tana ɗaure jerin haruffan da lafazin da ya riga ya sani da kuma ma'anar. Bayan 'yan lokuta kaɗan kalmar ta zauna, ba ya sake wahala a kanta. Share ya kira wannan koyar da kai, domin babu malamin da zai iya koya wa yaro dubban kalmomi ɗaya ɗaya. Wanda ya canki kalma daga hoto bai dubi haruffanta ba, don haka babu abin da ya ɗauru. Shi ya sa littattafan farko suke buƙatar a rubuta su da haruffan da aka riga aka koyar, ko da labarin bai kai na sauran littattafai armashi ba. Shi ya sa kuma shifta take da daraja fiye da yadda ake ba ta: wanda zai rubuta kalmar da ya ji dole ya warware ta sauti sauti.

Nan ne nake ganin babbar illar karatun bin baki. Malami ya karanta, aji duka ya amsa da murya ɗaya. Daga waje abin gwanin sha'awa ne, kamar kowa ya iya. Amma yara biyar ne a gaba ke karatun, sauran muryarsu suke bi, wasu ma idonsu ba ya kan takardar. Yara kuma gwanayen hadda ne, suna iya riƙe shafi guda har da inda ake juya takarda. Ba a gane gaskiya sai an kira yaro shi kaɗai, an ba shi rubutun da bai taɓa gani ba, an saurare shi na minti ɗaya. A kan wannan aka gina binciken gida gida da ƙungiyar Pratham take yi a karkarar Indiya tun 2005, wanda shekara da shekaru yake nuna cewa kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta rubutun aji biyu. Ba a buƙatar kuɗi ko na'ura don yin wannan gwajin. Takarda ce da kunne.

Bayan daidai sai sauƙi. David LaBerge da Jay Samuels sun bayyana a 1974 cewa hankalin mutum yana da iyaka, abin da aka kashe wajen fitar da kalma ba zai samu wajen fahimta ba. Yaron da ke ɗaukar daƙiƙa biyar a kowace kalma, kafin ya kai ƙarshen jumla ya manta farkonta. Maganin shi ne yawan karatu da ƙarfi a gaban mai gyara, da maimaita ɗan gajeren rubutu har ya yi laushi a baki. Ba tsere ake so ba. Alamar an kai ita ce muryar yaron ta koma kamar yana magana, ya tsaya inda aya take, ya ɗaga murya inda tambaya take.

Ɓangare na biyu, fahimtar harshe, ya fi na farko faɗi, kuma ba ya ƙarewa. Haɗa baƙi ana gama shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Kalmomi da sanin duniya kuwa har tsufa ake tara su. Donna Recht da Lauren Leslie sun yi wani gwaji a Amurka a 1988 wanda ya kamata kowane malami ya san shi. Sun ba ɗalibai labarin wani wasan besbol, wato wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda, suka ce su sake kwatanta abin da ya faru. Masu raunin karatu da suka san wasan sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba. Marubuci ba ya faɗin komai, kullum yana barin giɓi yana sa ran mai karatu zai cike daga abin da ya sani. Idan aka rubuta cewa gajimare ya haɗu, sai manomi ya yi murmushi, babu kalmar da ta bayyana dalilin murmushin. Mai karatu ne ke kawo shi daga kansa.

Saboda haka kuskure ne a rage darasin kimiyya da tarihi da labarin ƙasa don a ƙara wa darasin karatu lokaci, kamar yadda makarantu da yawa suke yi idan sakamako ya yi ƙasa. Waɗannan darussan su ne abincin fahimta. Kuskure ne kuma a jira sai yaro ya iya haɗa baƙi kafin a fara gina wannan ɓangaren. Kunnen ɗan shekara 6 ya yi wa idonsa nisa ƙwarai: yana iya fahimtar labari mai sarƙaƙiya idan an karanta masa, alhali shi bai wuce "ana" da "mana" ba. Don haka littafi iri biyu yake buƙata a rana guda, ƙaramin da zai karanta da kansa, da babban da za a karanta masa, a tsaya a tambaye shi, a bayyana masa baƙuwar kalma, a bar shi ya faɗi ra'ayinsa. Chall ta lura cewa yara da yawa daga gidaje marasa ƙarfi suna tafiya daidai har aji uku, sai su fara ja da baya a aji huɗu, lokacin da littattafai suka cika da kalmomin da ba a jin su a hirar yau da kullum.

Idan harshen koyarwa ba shi ne harshen da yaro ke ji ba, ɓangare na biyu ya kusa zama sifili tun ranar farko. UNESCO ta ƙiyasta a 2016 cewa kusan kashi 40 na mutanen duniya ba sa samun ilimi da harshen da suke magana da shi ko suke fahimta. Irin wannan yaron, ko ya haɗa baƙin daidai, babu kalmar da za ta amsa masa daga cikin kansa, don haka bai san ko ya yi daidai ba, koyar da kan da Share ya bayyana kuma ba za ta yi aiki sosai ba. Gane cewa harafi yana wakiltar sauti sau ɗaya ake yinsa a rayuwa. Wanda ya gane shi a harshensa zai ɗauke shi ya tafi da shi harshe na biyu. Sai dai sauya harshe kaɗai ba ya wadatarwa idan babu littattafai a harshen, ko malamin da kansa bai ƙware a ƙa'idojin rubutunsa ba.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Stanovich ya nuna a 1986 yadda ɗan ƙaramin bambanci a aji ɗaya ke girma: wanda ya iya da wuri yana jin daɗin karatu, sai ya yawaita shi, kalmominsa su ƙaru, karatun ya ƙara sauƙi. Wanda ya maƙale yana gudun littafi, tazarar tana faɗaɗa kowace shekara, har ya yarda cewa shi daƙiƙi ne. Akwai kuma yaran da, ko an koyar da su yadda ya kamata, rarrabe sautukan kalma yana musu wuya fiye da kima. Wannan lalura ce sananniya, ana kiranta disleksiya, tana bin jini a wasu dangi, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira ko lalaci. Bulala ba ta magance ta. Abin da suke buƙata shi ne koyarwar nan dai, amma a hankali, a ƙaramin rukuni, da maimaici mai yawa, kuma a fara da wuri. Kafin a yanke wa yaro kowane hukunci, a duba ko yana ji sosai, yana gani sosai.

An gwada waɗannan abubuwa a ƙasa guda ko jiha guda, ba a ɗakin bincike kaɗai ba. Kenya ta fara shirin Tusome a 2015 a makarantun firamare na gwamnati sama da 20,000, da Ingilishi da Swahili. Kowane yaro aka ba shi littafinsa, kowane malami aka ba shi jagora mai tsararren darasi na kowace rana, jami'ai kuma suna zagayawa su zauna a aji, su saurari 'yan yara suna karatu, su ba malamin shawara. Jihar Mississippi, ɗaya daga cikin mafiya talauci a Amurka, ta yi doka a kan koyar da karatu a 2013, ta sake horar da malaman ƙananan ajujuwa, ta tura masu ba da horo makarantun da suka fi rauni, ta riƙa gwada yara tun daga farko don gano masu buƙatar taimako. A jarrabawar ƙasa ta karatun 'yan aji huɗu, ta tashi daga matsayi na 49 cikin jihohin ƙasar a 2013 zuwa na 29 a 2019. Dokar ta kuma tanadi cewa yaron da bai kai ma'auni ba zai maimaita aji uku, kuma har yanzu masana suna jayayya a kan rawar da wannan tanadi ya taka. Ni dai ina tsoron a kwaikwayi maimaita ajin, saboda ba ya cin kuɗi a takarda, a bar horar da malamai da aika musu mai taimako har cikin aji, wanda shi ne ɓangaren da Kenya da Mississippi suka yi tarayya a kansa.